Oba-oba ta tona mini asiri

Jama'a, yau bakina ya ja mini.

Da safe patron, wato mai motocin da muke tuƙawa, ya sa aka ɗaura wa motocinmu rediyon oba-oba. Mai haɗawa ya ce, "Sai ka danna nan ake jin ka." Na aje abin maganar tsakanin kujeru, muka kama hanyar Dungu da aminina Habu.

Muna tafe na ce, "Habu, wata uku ke nan idona na hagu ba ya gani. Ko uwar yarana ba ta sani ba."

Ashe jakar Habu ta danne maɓallin! Duk direbobinmu suna ji.

Yana janye jakar, sai muryar patron: "Isufu, tsaya inda kake. Ga wani nan zai karɓi lakilen motar."

Ga ni bakin hanya, ban san me zan faɗa a gida ba.