Kitson 'Yardada

Duk wadda aka yi wa aure a lungunmu na Gwammaja, daga sa'o'in iyayenmu har zuwa 'ya'yanmu, kanta ya bi ta tsakanin gwiwoyin Inna Kulu mai kitso. Nawa ma ya bi, kuma har yau in na tuna sai na shafa ƙeyata. Hannu gare ta kamar na mai ɗaurin buhu. Kina hawaye tana hira da wata, in kika motsa ta dungure ki da bayan mataji ta ce, "Zauna! Ke kaɗai aka taɓa yi wa kitso?" Amma tana gamawa ta miƙo miki madubi sai ki ji kin yafe mata komai.

Ta iya shuku, ta iya kalaba, ta iya doka irin ta mutanen da. Sai dai ba su ne suka kai sunanta Koki da Goron Dutse ba. Kitson 'Yardada ne ya kai shi, kuma amare kaɗai take yi wa.

'Yardada hoto ce a murfin wani tsohon gwangwanin alawa da Inna Kulu take ajiye mataji da kibiya da man kitso a ciki. Wata Baturiya ce mai dogon wuya, ta juya gefe, ba ta kallon kowa. An kitse gashinta igiya-igiya, an saƙa jan zare da fararen duwatsu a ciki, an zagayo da shi ta saman kunnen dama, daga nan ya sulale bayan kai ya ɓace. Gwangwanin na Dada ne, kakar Inna Kulu. Wani ɗanta da yake dako a shagon wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna, ya kawo mata. Kulu tana ƙarama ta tambaya, "Dada, wace ce wannan?" Tsohuwa ta ce, "'Yata ce, tana can bariki tana aure." Yarinya ta ɗauka da gaske, ta daɗe tana jiran ranar da gwaggon nan za ta zo ganin gida. Gwaggo ba ta zo ba, suna kuwa ya zauna.

A hannun Dada ta koyi kitso, amma a gaban murfin nan ta ƙware. Da aka kai ta gidan Malam Ɗalha, mai sayar da littattafai a Kurmi, gwangwanin yana cikin kayanta. Malam ya ce shi ba ya son hoton mutum a ɗaki. Ita ta ce ba ta rabuwa da abin kakarta. Suka shirya a kan za ta riƙa kife murfin in ba aiki take ba. Har Allah ya yi masa rasuwa haka ake yi, kuma in mata sun tambaye ta ina 'Yardada, sai ta ce, "Tana kulle, mai gida yana nan."

Matsala ɗaya ce, kuma duk mai ido zai gan ta. Gefen dama kaɗai hoton ya nuna, amarya kuwa gefe biyu gare ta. Na hagun kuwa, Inna Kulu ce ta ƙirƙiro shi: igiyoyin su haɗu a ƙeya, su sarƙe, su ɓullo ta bayan kunnen hagu su naɗe kamar ɗan ƙaramin gammo. Kusan kowace amarya sai ta tambaya, "Inna, haka nata yake ta nan ɗin ma?" Ita kuma ta ce, "Haka yake. Ni da ita mun san juna." Ni ma abin da ta gaya min ke nan, na kuwa yarda, don wa zai yi musu da macen da take riƙe da gashinsa?

Bara ne abin ya tashi. Jikarta Ikram ta dawo hutu daga jami'a, ta zo a yi mata tsifa. Ina gidan, na je sa ranar kitson 'yata Shamsiyya da bikinta ya matso. Yaran yanzu ko tuwo aka ajiye musu sai sun ɗauke shi a waya kafin su sa hannu. Ikram ta ɗauki hoton murfin, ta latsa nan ta latsa can, sai muka ji ta yi ƙara.

"Inna! Ƙawarki fa sananniya ce!"

Ashe matar wani mai sarauta ce a ƙasar Italiya, wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Wani mai zane ya zana ta, zanen yana rataye a wani gidan tarihi, mutane suna bin layi don su gan ta. Wannan duk bai girgiza Inna Kulu ba. Ta ce ai da ganin wuyan ka san ba ta taɓa ɗaukar tulu ba. Abin da ya sa ta ajiye kibiya shi ne zauren masoyanta da Ikram ta tarar a intanet. 'Yan mata ne dubbai, daga ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa daidai ba. Suna ɗinka irin rigarta su sa, su juya gefe a ɗauke su. Wasu sun buga fuskarta a riga, wasu a kofi. Wata ta zana ta a kan babur. Har ranar haihuwa suka yanka mata da kansu, duk shekara su yi kek.

Inna Kulu ta karɓi wayar ta nesanta ta da ido tana dubawa. "Wannan gashin doki ta sa. Wannan kuwa ai manne shi aka yi. Ikon Allah! Ni da nake ganin ni kaɗai gare ta." Kishi ne ƙarara, muka yi ta yi mata dariya, ita ma tana yi.

Sai Ikram ta ce, "Bari in nemo miki sauran hotunanta."

Dariyar ta ɗauke. Inna Kulu ta miƙa mata wayar ta ce ta ajiye, ta kife murfin, abin da rabonta da yi tun rasuwar Malam.

Da na koma don mu ƙarasa maganar Shamsiyya, sai ta ce min ta yi shawara, shuku za ta yi mata. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. An yi wa uwata kitson 'Yardada, an yi min, sai a kan 'yata za a ce shuku, kamar mai zuwa Islamiyya? Na ce, "Inna, laifin me muka yi miki?"

Ta ajiye matajin da ke hannunta ta ce, "Sa'ida, ko mai hoton biki ba ya ɗaukar gefe ɗaya ya tafi. Balle wanda aka kira gidan sarauta. Dole akwai wani hoton da ta juyo, yana can a cikin wayar yarinyar nan. Shekara da shekaru ina ɗora wa 'ya'yan mutane abu ina cewa nata ne. In aka buɗe aka ga ba haka yake ba fa? Da wane ido zan kalli matan unguwar nan?"

Tausayinta ya kama ni. Mace ta tsufa a kan sana'arta, ba ta taɓa jin tsoron kishiyar sana'a ba, ba ta ji tsoron shagunan gyaran gashi da suka cika titi ba, sai ga ta tana tsoron bayan kan wata da ta mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Na ce mata ni ko ba daidai ba ne shi nake so. Ta ce ita ba za ta iya ba, hannunta ba zai yarda ba.

Na samu Ikram na ce tunda ita ta jawo, ita za ta gyara. Ta bincika ko'ina ba ta ga wani hoton ba, sai ta shiga zauren ta rubuta tambaya: akwai wanda ya san yadda kitson yake ta hagu?

Kamar ta watsa wa kaji tsaba. Kafin la'asar amsoshi sun fi ƙarfin karantawa. Ashe ta taɓo musu tsohuwar rigima ce. Babu wani hoton, mai zanen gefe ɗaya ya yi, kuma ba wanda ya san hagun. Sun rabu gida-gida a kai. Akwai masu cewa hagu daidai yake da dama. Akwai masu cewa igiyoyin a ƙeya suka tsaya. Akwai wasu biyu da suka daina yi wa juna magana tun shekarun baya saboda kunne ɗaya.

Muka je muka tarar da Inna Kulu tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ikram ta karanta mata tana fassarawa. Ita kuwa ta ci gaba da tsintarta. Da aka zo kan masu gabar nan biyu sai kafaɗunta suka fara rawa, ta ajiye faifan, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe duk lalube muke yi! Da ni da masu bin layin, duk ɗaya. Kai, 'Yardada, ba ki da kirki!"

Ikram ta riga ta gaya wa mutanen zauren kakarta a Kano ta fi shekara hamsin tana yin kitson da hagunsa. Suka yi caa, kowa a nuna masa. A nan ni ce na taka burki. Kan wa za a ɗauka? Kitson amarya na mijinta ne da matan da suka raka ta, ana gamawa ɗankwali yake hawa. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan babu hoton aikin Inna Kulu ko ɗaya a duniya. Na ce kan 'yata dai ba zai shiga waya ba, ko da masoyan nan za su yi kuka da hawayen jini.

Inna Kulu ta miƙe. Ta shiga madafi ta fito da ƙwarya, ta aika aka sayo baƙin zaren ulu. Ta sa basilla ta huhhuda ƙwaryar, ta zura zaren ta ɗaɗɗaure ta ciki, ta kife ta a kan turmi, ta jawo turmin tsakanin gwiwoyinta. Ikram ta tsaya ta baya tana ɗaukar bidiyo, hannuwa kaɗai ake gani. Aiki ya yi nisa, ƙwarya ta zame. Kafin mu ankara ta kai mata bayan mataji, ƙwas!

"Zauna!"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ikram ta so ta yanke wurin, na ce in ta yanke ba ni ba ita. Da ta ɗora a zauren kuwa, wurin shi suka fi so. Suka tambayi ma'anar kalmar, aka gaya musu, daga nan duk wadda gashinta ya ƙi kwanciya sai ta rubuta "Zauna!" a ƙarƙashin hotonta. Ba duka suka yarda da hagun Inna Kulu ba. Wasu suka ce gammon ya yi girma, wata ta ce a zamanin ba a yin haka. Da Ikram ta karanta mata sai ta ce, "Ta je ta tambayo ta mana." Amma dai gida ɗaya ya ƙaru a cikin rigimar, kuma da sunan Kulu suke kiransa.

Ranar kitson Shamsiyya da hantsi tsakar gidan ya cika da mata. Inna Kulu ta buɗe gwangwani, ta jingina murfin da bango yadda ta saba, ta fara. Ta gama dama, ta sarƙe ƙeya, tana shirin ɓullowa hagu, sai ga Ikram da gudu ko sallama babu.

Wata yarinya ce daga wata ƙasa mai nisa ta turo hoto. Dogon wuya, irin rigar, jan zare da fararen duwatsu. Sai dai ita ba ta juya yadda kowa yake juyawa ba. Hagunta ta ba mu, ga ɗan gammon Inna Kulu a bayan kunne, ya ɗan karkace amma shi ne.

Inna Kulu ta goge man hannunta a zani. Ta karɓi wayar ta jingina ta kusa da murfin. Ta murfin tana kallon ta wayar, ta wayar tana kallon ta murfin. Mata suka matso suna leƙe. Inna Kulu ta ƙura wa wayar ido.

"Yau dai kin juyo," ta ce a hankali. "Tun ina yarinya nake jiran ki."

Ni dai kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba. Ita kuwa ta share ido da bayan hannu, ta ja kan amarya ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ta naɗe gammon, ta soke dutsen ƙarshe, ta miƙa madubi. Shamsiyya ta juya dama, ta juya hagu, ta yi tambayar da uwarta ta yi, da kakarta ta yi.

"Inna, haka nata yake ta nan ɗin ma?"

Inna Kulu ta dafa gefen dama. "Nan nata ne." Ta zagayo da hannu ta dafa gammon, ta ɗaga murya yadda duk matan za su ji. "Nan kuwa nawa ne."