Dutsen Niƙan Kaka

Shekarar da na dawo Filinge daga Kumashi da keke, Nasara na nan bai tafi ba, ni kuwa ina jin kaina kamar ɗan kumandan mai mulkin gari. Duk unguwa babu mai keke sai ni. Kaka, uwar babana, ita kaɗai ba ta yaba ba. Ta ce miji irina sai tsiya, ya sayo jakin ƙarfe ya bar matarsa a ƙasa.

Abin da take so na san shi: in kai ta kufan garinsu. Tun babbar yunwar da ta watsa garinsu tana budurwa ba ta sake ganin wurin ba, ga shi kufan yana nan ta wajen Bonkuku, tafiyar hantsi. Baba ya hana. A cewarsa tsohuwar da ko rijiya ba ta iya zuwa, hanya za ta kashe ta. Na yi ta magiya har ya yarda, da sharaɗin in maido masa ita kafin magariba.

Da sassafe na ɗaura tsumma a kariyar bayan keken, ta hau tana salati. Ba mu yi nisa ba rairayi ya kama ƙafafun keken. Haka na sauka na yi ta turi, gumi har idona, ita kuwa tana bisa tana tambayata ko haka ake tuƙi a Kumashi.

Kufan ya ba ni haushi. Ban ga komai ba sai kuka ɗaya, da tsingaro, da wani ɗan Fulani can nesa da shanunsa. Kaka ta sauka. Ta bi ta gabas da kukar tana caccaka ƙasa da sanda, har sandan ya bugi wani abu. Muka tona da hannu. Dutsen niƙan uwarta ne, tsakiyarsa ta lotsa don aiki. Ta shafa shi ta yi kuka, ni ma na yi, ban ɓoye ba.

Sai ta ce da shi za mu koma. Na ce keken ba zai ɗauki su biyu ba, ko ita ko dutsen.

"To aza shi," in ji ta. "Ni ƙafa ta hidda ni garin ga, ƙafa za ta hidda ni yau ma."

Tsoro ya kama ni ƙwarai, don in ta faɗi a hanya ban san da bakin da zan yi wa Baba bayani ba. Muka kamo hanya, ina turin dutse, tana dogara sanda. Ta zauna ƙarƙashin gawo ta sha fura, ta tashi. Ta sake zama, ta sake tashi. Ko sau ɗaya ba ta ce in kama ta ba.

Rana ta yi ja muka shigo gari. Na ɗan riga ta, sai ga Baba tsaye a ƙofar gida. Ya dubi kariya ya ga dutse, fuskarsa ta canza.

"Ina ka baro mini uwa?"

Na waiwaya. Ga ta tafe, ƙura har gwiwa, matan unguwa na biye da ita da guɗa. Ta iso gabansa ta ɗaga sanda.

"Kauce, yaro. Ka tare ma uwata hanya."

Baba ya kauce. Da hannunsa ya kwance dutsen, ya rungume shi, ya bi bayanta zuwa cikin gida.