Hoton da Baba Ya Kawo Gida

Ƙadangare ake ce wa Babana a wurin aiki, don babu hasumiyar tankin ruwa ko rufin ƙarfen da bai ɗare ya yi wa walda ba. Shi da yayansa, Baffa, suka buɗe shagon tun suna samari, da injin walda ɗaya da tabarau ɗaya. Baffa na ƙasa yana awo da yanka, Baba na sama. A gida kuwa shiru-shiru ne, in ka ji muryarsa to Mama yake tsokana.

Ba daga sama ya faɗo ba, abin haushin ke nan. Daga matakin tsani na ƙarshe ya diro da ƙarfe a kafaɗa, ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwar dama. Ta kumbura, kumburin ya sace, aka yi hoton ƙashi ba a ga komai ba.

Baffa ya ɗaga hoton a hasken ƙofar shago ya ce, "To ina ciwon? Ƙashi garau. Gani ya kori ji, Ƙadangare. In hawan ne ya ishe ka, fito fili ka faɗa min."

Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake yi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sama shi ake kira mai zame aiki! Kuma gwiwar munafuka ce: a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau yake tafiya, sai ya zo juyawa ta goce, ya dafa bango. Tun daga ranar Baba bai da wani buri sai ya kawo wa yayansa shaidar da ido zai gani.

Ni da Mama muka raka shi wurin likitan ƙashi. Likita ya kwantar da shi, ya lanƙwasa gwiwar, ya jawo ƙwaurin gaba, sai ga shi ya taho kamar durowar tebur. Ya ce a can cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gicciye juna, suna ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaba ce ke hana ƙwauri zamewa, ita yake zaton ta tsinke, kuma hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Baba ya yi murmushi ya ce, "Irin ƙarafan da nake gicciyawa a ƙafar tanki ke nan. In ɗaya ya saki, tanki rawa zai yi." Aka tura mu wurin na'ura mai maganaɗisu, wadda ke nuna nama da jijiya.

Ranar ya sa rigarsa mafi kyau. A ƙofar ɗakin, matar da ke sarrafa na'urar ta sa ya cire agogo da makullai, sannan ta tambaye shi sana'arsa. Da ta ji walda sai ta ce, "Baba, ƙarfe ya taɓa shiga idonka? Maganaɗisun nan yana iya fizgo shi, ido ya lalace."

Baba ya ce, "A'a."

Mama ta ce, "Ya shiga. Na hagu. Kafin a haifi yarinyar nan."

"Ke, wa ya tambaye ki?"

"Gwiwa ta tafi, ba zan ba su ido ba. Yi fushinka."

Aka ɗauki hoton idon don a tabbatar. Irin hoton nan da ya kasa ganin komai a gwiwa sai ga shi ya nuna ɗan tsinin ƙarfe fari tas, bai kai ƙwayar yashi biyu ba. Suka ce ba zai shiga na'urar ba. Likita ya ce akwai wasu hanyoyin, Baba ya ce ya gode, bai sake komawa ba. A mota ni kuwa kuka na yi ta yi a ɓoye.

Kashegari ya kai wa Baffa hoton idon. Baffa ya ɗaga shi a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ranar da kake gurza ƙyauren nan ne. Tabarau ɗinmu guda ɗaya, a fuskata yake ranar."

Baba ya ce, "Ba wannan na je ɗaukowa ba, Yaya."

Bai ƙara hawa ba. A kan benci ya ƙarasa rayuwarsa yana liƙa ƙafar kujera da hannun tukunya, sunan Ƙadangare ya bi ruwa. A makon da ya kai hoton, Baffa ya sayo masa tabarau sabo dal, ya ajiye masa a kan bencin. Maganar gwiwa kuwa, har Baba ya rasu bai ji yayansa ya ce ya yarda ba.