Hannun Hodi a Tsohon Coci

Labbo magini ne, mutumin Gulma, kuma a Argungu an san shi da aiki ɗaya: yaɓen tsohon cocin ƙasa da ke bayan tasha. Mahaifinsa Hodi ne ya gina shi, lokacin da ma'aikata Kiristoci 'yan Filato suka fara zama a garin. Hodi bai taɓa fashin salla ba, amma ya zuba musu gini na gani na faɗa: bango mai kaurin kamu biyu, bakan gizo uku, rufin azara, ga tagogi ƙanana can sama, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi. Sauran gine-ginen Hodi duk an rushe an sa bulo. Wannan kaɗai ya rage.

Shekara talatin da 'yan kai, kafin ruwan fari, Labbo kan kwaɓa ƙasa da makuba ya yaɓe bangon, ya gyara indararo. Abokansa na masa tsiya, suna kiransa Fasto Labbo, ko a jikinsa. A saman baka na tsakiya akwai sawun tafin Hodi, inda ya dafa ƙasa tana ɗanya. Labbo na son wannan sawu fiye da gonarsa.

Sai ga Dominic daga Birnin Kebbi, sabon shugaban kwamitin gini, mutum mai takalmi sai ƙyalli. Ya kewaya cocin sau ɗaya ya ce ya yi kama da rumbu. A shafe shi da siminti ciki da waje, a yi farin fenti.

Labbo ya same shi ya ce, "Yallaɓai, ginin ga numfashi shi kai. In kunka ruhe shi da siminti, ruwa na shiga, ba su samun wurin hita. Ruɓewa za shi yi daga ciki."

Dominic ya ce, "Baba, faɗi gaskiya, aikinka kake tsoro. Zamani ya wuce ka."

Aka kwashe da dariya. Mama Susanna, wadda ta shekara ashirin tana dama masa kunu ranar yaɓe, ta sunkuyar da kai.

Damina biyu coci na ta ƙyalli. A ta uku siminti ya tsage, ƙasar ciki ta fito kamar fate. Dominic ya tsaya gaban jama'a ya ce ginin tun asali ha'inci ne, tsoho da ɗansa sun daɗe suna rufa ɓarna da laka. Babu wanda ya ce uffan, har waɗanda aka ɗaura wa aure a inuwar ginin.

Abin haushin, babu mai iya sauke bakan gizo ba tare da ya danne mutane ba sai Labbo. Suka aika masa, ya zo, ba don su ba. Ya hau tsani ya ɓanɓare simintin baka na tsakiya a hankali, zuciyarsa na bugawa. Ɓallin ya fito, ga hannun Hodi manne a bayansa, yatsu biyar cif. Ya rungume shi ya sauko, hawaye na zuba.

A bakin ƙofa Dominic ya tare shi. "Baba, ba a fita da kayan coci."

"Hannun ubana ne, yallaɓai."

"Ɓaraguzai ne, kuma muna da aikinsu."

Ya karɓe ya jefa a baro, aka juye a ramin da ruwa ya ci a farfajiya, aka daddaɓe. Labbo ya koma ya sauke bakan ukun da hannunsa, kafin la'asar ya gama.

Yanzu cocin bulo ne a wurin, da rufin kwano, masu ibada na fifita da takarda. Labbo ya daina gini. Ran Lahadi yakan bi ta bayan tasha ya ɗan tsaya a bakin katanga. Nan Dominic ke ajiye mota, kuma Labbo ya san daidai tayar da ke kan hannun.