Kabarin da Doña Herminia Ta Haƙa wa Zafi

Ranar Lahadin da Doña Herminia ta faɗa rami, duk layinmu ya fito za a tafi coci, don haka babu wanda zai ce ba shi labari aka yi. Ta fito cikin rigarta ta leshi mai ruwan hoda, lema a hannu ɗaya, tukunyar wake a ɗayan, ta waiga tana yi wa mijinta faɗa ya bar murɗa rediyo. Ƙafa na tafiya, baki na aiki, ta manta shaf cewa jiya magini ya ja ramin har bakin ƙofa. Sai muka ji rim! Mata ta ɓace. Lemar kaɗai ta rage a sama, ta rufe bakin ramin kamar murfin tukunya.

Allah ya so wajen bai gama zurfi ba, kuma yashi ne mai laushi. Don Cuco mai kantin kwanar layi, mutumin da ko a gidan makoki sai ya sami abin tsokana, shi ya kawo tsani. Amma kafin ya zura shi sai da ya cire hula ya dafe ƙirji, ya leƙa.

"Doña, gwaji kika shiga yi? Ya yi miki daidai, ko a ƙara faɗi?"

"Miƙo tsanin nan, Cuco, kafin in fito babu tsani."

"Ni dai na san masu sayen akwatin gawa tun da ransu. Amma haƙa kabari a tsakar gida, ke kika fara."

Ta hau ta fito, wake har cikin gashi. Wata da tuni ta shige ɗaki ta kulle sai gobe. Ita kuwa ta sauya riga, ta ɗauki lemarta, ta wuce mu kai a sama, ta je ta zauna a sahun gaba, ƙwayar wake ɗaya maƙale a bayan kunnenta har aka tashi. Babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata.

Herminia Chong ke nan. Gajera ce, amma muryarta tana riga ta isa ko'ina. Rabin rayuwarta a ƙofar masana'antu ta yi shi, tana sayar wa ma'aikata tortiya, gurasarmu mai falle-falle, naɗe da wake da nama, kuma da wannan sana'a ta gina gidan nan ɗaki bayan ɗaki. Mijinta Don Anselmo direban bas ne a da, mutum mai surutu kamar rediyon da yake so, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan yana kan keken guragu, magana kuma sai ya ga dama, ita ma kalma biyu ko uku.

To, ga asalin ramin. Mu a Mexicali zafi ba baƙo ba ne, maigida ne. A watan Agustan bara aka ɗauke wuta da tsakar rana, na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru, gidan Herminia mai rufin siminti ya koma tanda. Kafin a ankara Anselmo ya daina zufa, idanu sun juye. Da ƙyar aka ceto shi a asibiti.

'Yarsu Yadira, ma'aikaciyar jinya ce a Ensenada, can bakin teku inda iska ke da mutunci. Ta zo a guje, kuma tun a farfajiyar asibitin ta yanke hukunci.

"Mama, ba zan bari gidan nan ya dafa min uba ba. Ku tattara ku dawo wurina, a sayar da shi."

"A sayar da wa? Bulon da ke jikin gidan nan, kowanne na san tortiya nawa ya ci."

"To bulon zai yi jinyar Baba?"

"Ubanki a benenki hawa na uku, wa zai sani? Nan ko bai iya magana ba, duk mai wucewa sai ya ɗaga masa hannu. Can kuwa bango zai riƙa kallo har ya mutu."

"Gara ya kalli bango da rai."

Suka daɗe suna ja. A ƙarshe Yadira ta ce ta ba ta zuwa zafi mai zuwa. In ta zo ta tarar ɗakin yana nan yadda yake, za ta saka ubanta a mota, uwar in ta so ta biyo, in ta so ta zauna da bulonta.

Herminia ba ta yi kuka ba, tunani ta shiga. Abin da ya dawo mata shi ne kakanta, Basine mai gyaran takalma a tsohuwar unguwar Sinawa, wanda ɗakinsa yake ƙarƙashin ƙasa. Tana yarinya takan sauka matakalar, ta bar rana na ƙona duniya a sama, ta tarar da tsohon yana shan shayi mai zafi hankali kwance. Ta je wa Filemón magini da maganar a haƙa wa Anselmo irin wannan ɗaki. Filemón ya sosa ƙeya.

"Doña, da keken nasa za ki riƙa gangara shi kamar baro? Bar mutum a sama, mu hauro masa da sanyin. Na taɓa yi wa wani mai gona. Ƙasa in ka nutsa tsayin mutum da rabi, ba ta san watan Agusta ba, ba ta san Janairu ba. Sai mu binne bututu mai tsawo. Iska ta shiga ta can ƙarshen gida, ta bi ƙarƙashi, ta sauke zafinta a hanya, ƙaramar fanka ta jawo ta ɗaki. Fankar kuma sola za mu sa mata, su ɗauke wutarsu su jiƙa su sha."

"Zai yi sanyi kamar na'ura?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, a'a. Amma mutum zai yi numfashi. Sai dai fa ɗakin ma yana son gyara, in ba haka ba zuba ruwa ne a kwando."

Aka sayar da tsohuwar motar Anselmo da kaji suka mayar gida, aka kama aiki. Aka ƙara wa bangon yamma kauri, aka toshe babbar tagar da rana ke shigowa ta ciki kamar gidan ubanta, aka shafe rufi da farar ƙasa, aka faɗaɗa ƙofa don keke. Tayil ɗin tsakar gida da take taƙama da shi, da hannunta ta ɗaga diga ta fara fasawa. Abu ɗaya ta ce ba a taɓa ba: bishiyar lemun tsamin da Anselmo ya shuka ranar da aka haifi Yadira. Dole ramin ya kauce mata, ya karkata ya miƙe arewa.

Arewa kuwa, layi uku daga gidanta, katangar iyakar Amurka ce.

Ba sai an ce wane ne ya fara tsegumi ba. Duk wanda ya shiga kanti sayen gishiri, Cuco zai rage murya ya ce, "Ni ban ce komai ba. Amma tsohuwa da rami, rami kuma ya kalli arewa, baro na fita da ƙasa safe da yamma... kai ma ka yi karatu." Da safe kabari ne, da yamma hanyar ƙarƙashin ƙasa, ya danganta da wanda ke gabansa.

Maganar ta yi ƙafa har ta bar unguwa. Wata rana wata mata da ba mu taɓa gani ba ta iso da kaza a hammata, ta ja Herminia gefe, wai ɗanta yana son ƙetarawa, a sa sunansa tun kafin layi ya yi tsawo.

"Baiwar Allah, ramina a gindin banɗaki ya ƙare. In ɗanki ya san hanyar Amurka ta nan, ya zo ya nuna min."

Bayan ita sai 'yan sanda biyu. Muka cika ƙofa, kowa ya tuna yana da abin aro a gidan. Babban cikinsu, mai tumbi, ya ce an kai rahoto. Herminia ta jingina tsani ta nuna masa. Ya sauka, ya bi ramin a karkace don tumbin ya wuce, ya zaga lemun tsami, ya je ya yi karo da katangar gida, ya dawo jiƙe sharkaf.

"Ranka ya daɗe, ka ga Amurkan?"

"Ki yi haƙuri, Doña, aiki ne."

"Na sani. Tunda kana ƙasa, ga shebur nan, ciko min bokiti ɗaya."

Ya cika kuwa. Ya sha ruwan lemo, ya tambayi Filemón ko abin zai yiwu a gidan surukarsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ta ji daɗi. Ranar da aka rufe ramin aka zo kunna fanka, ba ta gayyaci kowa ba, amma kowa ya zo. Ta gyara wa Anselmo zama daidai bakin bututun, ta sa masa sabuwar riga. Filemón ya danna. Abin ya yi gurnani, ya yi tari, sannan ya feso ƙura da wani wari da ya sa muka yi rige-rigen ƙofa. Anselmo ya koma fari fat kamar an tsoma shi a garin tortiya. Daga cikin bututun kuma sai ga kuka: miyau, miyau. Ashe Filemón bai sa raga a ɗaya bakin ba, kyanwa ta shiga ta haihu. Kyanwar wa? Ta Cuco.

Herminia ta kwaso 'ya'yan a gaban riga, ta taka har kanti, ta juye masa su a kan ma'auni.

"Ga jikokinka. Su ma Amurka za su?"

Duk da haka ranar Cuco ne ya yi nasara, don kafin yamma labarin ya kai Ensenada. Yadira ta kira, muna jin muryarta ta waya daga tsakar gida.

"Mama, ki daina wasa da ran Baba! Agusta ina zuwa da mota."

"Ki zo. Ki taho da rigar sanyi."

Ta ajiye wayar, sannan ta zauna a kan bokiti. Ta dubi tsakar gidan da ta farfasa, ta dubi mijinta. Anselmo ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa kanta. Washegari tun da sassafe ta tasa Filemón gaba, aka wanke bututun da tsumma ɗaure a igiya, aka sa raga biyu, aka ɗaga bakin wajen sama aka yi masa murfi.

Agusta ya zo da halinsa. Ranar da Yadira ta iso, kamar an haɗa baki, wuta ta ɗauke tun hantsi. Layinmu ya yi tsit, ko kare ba ya haushi. Ta faka mota, ta fito da akwati babu komai a ciki, fuska a ɗaure, ta tura ƙofar ɗakin ubanta da ƙarfi.

Ta tsaya cak. Fanka na ta aikinta a hankali. Ba sanyin na'ura ba ne, irin na inuwar da aka yayyafa wa ruwa ne, wanda jiki ke sakewa a cikinsa. Anselmo na kan kekensa yana gyangyaɗi, rediyo mai batir a cinya. A ƙasa kuwa rabin unguwa ne: tsofaffi uku jingine da bango, wata mai jego da jaririnta, mu da muka fi kowa dariya mun fi kowa matsowa kusa da bututun.

Yadira ta taɓa goshin uban, ta kama hannunsa tana jin bugun jini, ta duba harshensa. Sai Anselmo ya buɗe ido ɗaya, ya tattaro bakinsa da ƙyar.

"Rufe... ƙofa. Kina... shigo da zafi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Yadira ta rufe ƙofar, ta tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa, ta goge ido da bayan hannu.

"In wuta ta dawo, za a kunna na'urar duk da haka, Mama."

"A kunna mana. Ba gaba nake da ita ba, amanarta ce ban yarda da ita ba."

"Kuma duk wata zan zo in duba shi."

"Da ma abin da nake nema ke nan tun bara. Sai da na haƙa rami kika gane."

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Herminia ta buɗe ƙofa kaɗan, iya wurin ido ɗaya. Don Cuco ne, riga manne da jiki, hula a hannu, wannan karon ba don tsokana ba. Ƙanƙarar kantinsa ta narke, shi ma saura kaɗan.

"Doña, maƙwabciyar arziki... akwai ɗan wuri? Ko a bakin ƙofa ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta waiga ta dube mu, don ta tabbata kowa na ji.

"A kabarin? Ikon Allah! Jama'a ku zo ku ga abin da ban taɓa gani ba: masu rai suna ciki, gawa na waje tana roƙon a buɗe mata. Shigo, Cuco, amma ka bar bakinka a rana, shi bai gama dahuwa ba."