Jinin da Mai Agogo Ya Bayar

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Mai Agogo, bayan kwana tara kana fama da murar da ta sauka maka a huhu. A asibiti gadona na kusa da naka, a kan idona aka ja labule.

Shekara arba'in ina zama a bencin shagonka, kana aiki da gilashi a ido ɗaya, kana tsokanata wai ni da agogona duk mun tsufa, amma shi kaɗai ke gyaruwa.

Muna kwance wata likita ta shigo ɗakinmu na tsofaffi. Ta ce tana binciken abin da ya sa cutar nan take kayar da tsoho ta ƙyale matashi. Jiki, in ji ta, yakan hura wuta don ya ƙone ƙwayar cuta. Na matashi yana kashe wutar in an gama, na tsoho kuwa sai ta yi ta ci, huhu ya kumbura, wani abu kamar tsatsa ya taru a jini. Jinin matasa ta samu da yawa, na waɗanda suka haura tamanin ne babu, kuma in ba shi aikin ya tsaya. Mu shida ne a ɗakin, biyar muka juya wa bango fuska. Ni har na ce ɗan jinin da ya rage mini ba na kyauta ba ne.

Kai kuwa ka janye robar numfashi daga bakinka.

"'Yata, tsatsa ai aikina ce, shekara sittin ina kankare ta. Zo ki ɗiba."

Kowace safiya kana miƙa hannu, har jijiya ta riƙa ɓuya. Babban ɗanka ya roƙe ka ka bari, ka ce masa shi ma yana hanyar tamanin ɗin, don shi kake yi. Rana ta uku ka dube ni ka ce, "Malam, duk bokon nan, allura kake tsoro?" Kunya ta kama ni, na naɗe hannun riga. Sauran huɗun suka biyo baya.

Jiya aka sallame ni. Likitar ta riƙo ni har bakin ƙofa, ta ce adadin jinin da take nema ya cika, binciken zai ci gaba. Na faɗa mata kai abokina ne tun muna yara, na kuma maimaita don masu jinya su ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, abin da ka bayar kuma ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwar 'ya'yanka, da 'ya'ya da jikoki. Ku yi haƙuri, ku kuma ɗaga kai: mahaifinku ne ya fara miƙa hannu. Allah Ya kyautata namu zuwan.