Layi na Huɗu a Littafin Maliki Mai Faci

Duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa a tashar Sabon Birni ya san Maliki mai faci, ya kuma san jarabarsa ta tambaya. In lambar motarka ta Nijar ce, to ka shiga uku, don ba za ka tashi daga bencinsa ba sai ka bar masa kalma ɗaya ta Faransanci. Yana shafa gam yana tambaya, hannu duk baƙi, biro a maƙale a kunne.

Firamare kawai ya gama a Isa. Abin da ya jefa shi wannan hidima kuwa rashin lafiyar mahaifiyarsa ne. An kai ta asibiti Maraɗi, aka dawo da takardar magani da Faransanci, ya kwana uku yana yawo da ita gari bai sami mai karanta wa mai kemis ba. Tsohuwar ta warke, shi ne haushin bai sake shi ba. Ya samo babban littafi mai baƙin bango, irin na rajistar makaranta, ya ja wa kowane shafi layi huɗu: na Faransanci, na Turanci, na Hausa, na huɗun kuma sunan wanda ya ba shi kalmar da garinsu.

Wannan na huɗun daga zauren malaminsa ya ɗauko shi, inda ba ka faɗin karatu sai ka faɗi wurin wanda ka ɗauka. Kalmar da ba ta da mai ita ba ta shiga littafin Maliki, ko da ya tabbata daidai ce. Douane, customs, kwastan: Usaini direba, Madawa. Piqûre, injection, allura: Mairama ungozoma, Tsamaye. 'Yan tasha suka sa masa Farfesa, suna dariya. Amma ranar da takarda ta zo musu daga ƙetare, ta asibiti ko ta babur ko ta rigakafin shanu, su ne a gaba wajen tsugunawa kusa da injin iskarsa.

Shekara ashirin da wani abu yana wannan tarin, sai 'yan bindiga suka sauko wa ƙasar Gobir. Ƙauyuka suka watse, mutane suka tsallaka Nijar, masu dawowa suka dawo da katunan asibiti na Faransanci da ba su iya karantawa. Kalmomin da ke shigowa littafin suka sauya. Blessé, wounded, wanda aka ji wa rauni. Disparu, missing, wanda ba a san inda yake ba. Maliki ya fara sa ɗigon jan biro a gefen sunan duk wanda aka kashe. An tare Usaini a hanya, ya sa ɗigo. Mairama ta mutu wajen gudu a daji, ya sa ɗigo. Wasu ƙauyukan da ke layin babu kowa cikinsu yanzu, ba wanda ya rage da zai ambaci waɗannan mutane sai shi. Kowace Juma'a bayan an sauko, yakan buɗe littafin ya bi jajayen ɗigon, ya yi wa kowa addu'a da sunansa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Tsoronsa ɗaya ne, kada ido ya tafi, takarda ta ruɓe, sunayen su bi masu su.

A nan ne Allah ya kawo Abdulrasheed, ma'aikacin wata ƙungiyar agaji daga Sakkwato, mai digiri a Faransanci da takalmi mai sheƙi. Ma'aikatan jinyarsu na fama da katunan masu dawowa, an ce masa akwai wani mai faci da ke da littafin kalmomin Faransanci. Ya buɗe littafin, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce za su buga shi, a raba wa kowane asibiti.

"Da sunayen?" in ji Maliki.

"Baba, kada ka damu, komai zai fito."

Nusaiba, 'yar Maliki, wadda ke koyarwa a firamare, ta ja shi gefe. "Baba, ka bari in kwahe shi tukuna. Sati biyu ya ishe ni."

"Mutum ya zaka da ƙahwatai, mun ci tuwo akushi guda, in ce mai ban yarda da shi ba? Wanga abin kunya ba da ni ba."

Haka ya naɗe littafin a ƙyalle ya miƙa, har da rakiya bakin mota. Kunya ce ta ci shi, kuma ni dai har yau ina jin haushin wannan kunyar.

Bayan wata biyar Abdulrasheed ya dawo da kwali. Littafi tsaf, takarda mai santsi, har da sunan Maliki a shafin farko ana gode masa. Maliki ya kai shi dab da hancinsa, ya ƙirga layukan da yatsa. Uku ne. Ya juya shafi, uku.

"Ina mutanena?"

Abdulrasheed ya gyara tsayuwa, ya yi bayani cikin ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka mari mutum. Dokar ofishinsu ta hana buga sunayen mutane da garuruwansu daga yankin da ake rikici, don a kare su.

"A kare su daga mi? Rabinsu suna ƙasa! To ba ni nawa, za ni aje abina."

Nan ne Abdulrasheed ya sunkuyar da kai. Dokar dai ta ce duk takarda mai irin waɗannan sunaye, in an gama aiki da ita, ƙona ta ake yi. Yana hutu aka yi, in ji shi, bai sani ba sai da ya dawo. Ya ba da haƙuri sau uku, ya bar kwalin, ya shiga mota.

Maliki bai zagi kowa ba. Baƙin ciki ne ya kwantar da shi kwana huɗu, rana ta biyar ya kira Nusaiba ya ba ta biro. Yanzu kullum da la'asar suna zaune a ƙofar gida, tana karanto kalma, shi yana faɗin mai ita, tana rubutawa a bakin shafi inda masu buga littafin suka bar fili. Wasu sunayen suna faɗowa nan take. Da yawa sun ƙi.

Ranar Talatar nan ta karanto couverture, blanket, bargo. Ya rufe ido. Ya ga mutumin sarai, dogon makiyayi mai tabo a gira, ya zo faci da keke, har ya raba masa goro. Ya tuna ranar da labarin kisansa ya iso tasha. Ya motsa baki, ya sake motsawa, Nusaiba na riƙe da biro tana jira.

"Rubuta wani bawan Allah," ya ce.

Ta rubuta. Shi ne bawan Allah na goma sha ɗaya a wannan shafin.